Paul Broca: Likitan da ya gano mazaunin magana a ƙwaƙwalwa

Paul Broca, likitan fiɗa ɗan ƙasar Faransa wanda ya rayu daga shekarar 1824 zuwa 1880, shi ne mutumin da ya gamsar da likitocin duniya cewa akwai wani keɓaɓɓen wuri a ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke kula da furta magana.

Har yanzu ana kiran wannan wuri da sunansa. Duk likitan da ke duba hoton ƙwaƙwalwar wanda magana ta ɗauke masa, da duk mai koya wa irin wannan majinyaci magana, suna tafiya ne a kan turbar da ya share.

Babban abin da ya bari shi ne fahimtar cewa mutum na iya rasa kalmomi alhali hankalinsa na nan daram. Sai dai kuma tarihin nasa yana da tabo, domin ya yi amfani da iliminsa wajen ƙasƙantar da baƙar fata.

Haihuwa da karatu

An haifi Pierre Paul Broca ne a ranar 28 ga watan Yunin 1824, a wani ƙaramin gari mai suna Sainte-Foy-la-Grande da ke kudu maso yammacin Faransa.

Mahaifinsa, Benjamin Broca, likita ne wanda ya taɓa aiki a rundunar sojojin Napoleon kafin ya koma gida yana duba marasa lafiyar karkara. Iyalin nasu mabiya ɗariƙar Furotesta ne, waɗanda tsiraru ne a ƙasar da mabiya Katolika suka fi rinjaye.

Yana da shekaru 17 da haihuwa ya tafi birnin Paris domin karatun likita, kuma a shekarar 1849 ya sami digirinsa na dakta. A 1853 aka naɗa shi likitan fiɗa na asibitocin birnin.

Tun kafin ya waiwayi ƙwaƙwalwa ya riga ya yi suna. Yana cikin na farko da suka yi amfani da madubin likita wajen nazarin ciwon daji, kuma a 1856 ya wallafa wani babban littafi a kan kumburin jijiyoyin jini.

Ya auri ɗiyar Jean Lugol, likitan nan da ya haɗa ruwan aidin ɗin da ke ɗauke da sunansa. Daga bisani Broca ya bi diddigin yadda sankarar mama ta riƙa addabar matan dangin matarsa, kaka da jika, abin da ya sa ake lasafta shi cikin waɗanda suka fara nuna cewa ana iya gadon wannan ciwo.

A shekarar 1859 ya kafa Ƙungiyar Nazarin Halittar Ɗan Adam ta Paris. Mahukunta ba su saki jiki da ita ba, har ta kai an riƙa tura ɗan sanda ya zauna a tarukanta. A zauren wannan ƙungiya ne aka yi muhawarar da ta sauya rayuwarsa.

Muhawara a kan ƙwaƙwalwa

Tambayar ko ina ne mazaunin magana da tunani tsohuwa ce. Wani rubutun likitanci na Masar ta dā, wanda ya haura shekaru 3,500, ya ba da labarin mutumin da ya sami rauni a gefen kai ya kasa magana. Shi kuwa Ibn Sina, kamar sauran masanan zamaninsa, ya rarraba tunani da hadda da suranta abu a zuci ga kogunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa.

A farkon ƙarni na 19, wani likita Bajamushe mai suna Franz Gall ya ce kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Amma ya ɓata rawarsa da tsalle, inda ya yi iƙirarin cewa ana iya sanin halin mutum ta hanyar shafa tudu da kwarin ƙoƙon kansa.

Hakan ya sa manyan masana suka yi watsi da ra'ayin baki ɗaya, suka rungumi na Pierre Flourens, wanda ya ce manyan sassan ƙwaƙwalwa suna aiki ne a dunƙule.

Wani likita mai suna Jean-Baptiste Bouillaud ya ci gaba da nacewa tun 1825 cewa magana a gaban ƙwaƙwalwa take. A ranar 4 ga watan Afrilun 1861, surukinsa Ernest Auburtin ya tashi a taron ƙungiyar Broca ya kare wannan ra'ayi. Ya kawo misalin wani mutum da harsashi ya buɗe masa goshi, wanda maganarsa ke tsayawa cak da zarar an danna gaban ƙwaƙwalwar tasa, ta kuma dawo idan an saki.

Broca yana zaune a wurin a matsayinsa na sakataren ƙungiya. Kwanaki kaɗan bayan haka sai ga amsar ta zo masa har ɗakin majinyata.

Majinyacin Bicêtre

A tsakiyar watan na Afrilu aka kawo wani mutum mai shekaru 51 sashen fiɗa na asibitin Bicêtre, inda Broca ke aiki, saboda ƙafarsa ta dama ta soma ruɓewa. Sunansa Louis Victor Leborgne, kuma ya shafe shekaru 21 a asibitin.

Leborgne ya daɗe yana fama da farfaɗiya, kuma yana da shekaru 30 magana ta ɗauke masa. Duk abin da aka tambaye shi, gaɓa ɗaya ce ke fita daga bakinsa, wato tan, yawanci sau biyu a jere. Saboda haka ma'aikata da majinyata suka laƙaba masa suna Tan.

Bayan kamar shekaru 10 hannunsa na dama ya soma shanyewa, sannan ƙafar ta biyo baya, har ya kwanta gaba ɗaya.

Abin da ya ja hankalin Broca shi ne harshen mutumin yana motsi lafiya, muryarsa na fita, kuma yana gane abin da ake faɗa masa. Da aka tambaye shi shekarunsa nawa a asibiti, sai ya buɗe yatsun hannunsa na hagu sau huɗu, ya ƙara da yatsa guda.

Leborgne ya mutu a ranar 17 ga watan Afrilu. Broca ya fito da ƙwaƙwalwar, ya ga wani wuri da ya lalace a gaban ɓangaren hagu, kuma washegari ya gabatar da ita a gaban ƙungiyar. Gani ya kori ji.

Daga nan ya yanke wata shawara wadda amfaninta bai bayyana ba sai bayan fiye da ƙarni guda. Ya ƙi yanka ƙwaƙwalwar gunduwa-gunduwa kamar yadda aka saba. Ya tsoma ta cikin ruwan magani a kwalba, ya miƙa ta ga gidan adana kayan likitanci na Dupuytren.

A ƙarshen wannan shekara aka kawo masa wani dattijo mai shekaru 84, Lazare Lelong, wanda ya karye a cinya. Shi ma magana ta ɗauke masa bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa, kalmomi biyar kacal suka rage masa. Da ya mutu aka duba, sai ga lahanin a wannan yanki dai.

Ɓangaren hagu

Broca bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Zuwa shekarar 1863 ya tara bayanan majinyata takwas, dukkansu lahanin a hagu yake. Sai a 1865 ya fito fili ya bayyana cewa a wurin akasarin mutane, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke jagorancin magana.

Wannan ya warware wani abu da masu jinya suka daɗe suna gani. Tun da ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, wanda ya shanye ta dama shi ne ya fi fuskantar ɗaukewar magana.

Batun ya jawo taƙaddama a kan wanda ya riga wani. Gustave Dax ya ce mahaifinsa, Marc Dax, wani likitan karkara a kudancin Faransa, ya rubuta haka tun 1836. Masana tarihi da dama a yau suna raba yabon tsakaninsu.

Hatta sunan da Broca ya raɗa wa ciwon bai ɗore ba. A 1864 likita Armand Trousseau ya kawo kalmar afasiya, kuma ita ce ta zauna.

Shekaru 10 bayan haka, a 1874, wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani wurin na biyu can baya kusa da kunnen hagu. Wanda wannan wuri ya lalace masa, magana na zuba daga bakinsa ba tsayawa amma ba ma'ana, kuma ba ya gane abin da ake gaya masa.

Tunanin magani

Broca likitan fiɗa ne, don haka bai tsaya ga bayani kawai ba. A shekarar 1871 aka kawo masa wani mutum da doki ya harba a kai, wanda daga baya ya soma rasa magana.

Ya yi lissafin inda mazaunin magana yake a ƙarƙashin ƙoƙon kai, ya huda daidai wurin, kuma ya tarar da mugunya ta taru. Majinyacin bai rayu ba, amma ana lasafta wannan aiki cikin tiyatar farko da aka yi bisa sanin aikin sassan ƙwaƙwalwa.

Kazalika ya nemi hanyar leƙa ƙwaƙwalwar mai rai ba tare da wuƙa ba. Ya ƙera wani kambi da aka jera wa ma'aunan zafi, ana ɗora shi a kai domin gano sashen da ya fi ɗumi ko sanyi. Dabarar ba ta yi tasiri ba, sai dai manufarta ita ce wadda na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka cika daga baya.

A rubutunsa na 1865 ya kuma kawo shawarar da ta zama tushen horon magana. A ganinsa ɓangaren dama na iya karɓar wani abu daga aikin na hagu idan aka sake koya wa majinyaci magana, amma sai an yi naci irin na uwa mai koya wa ɗanta, kullum ba gajiyawa. Ya gwada hakan da kansa, ya kuma lura cewa 'yan mintocin da likita ke iya bayarwa ba za su wadatar ba.

Wannan fanni bai bunƙasa sosai ba sai bayan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da ɗimbin sojoji suka dawo da raunukan kai.

Tabon da ya bari

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Broca ya ɓatar da shekaru masu yawa yana auna ƙoƙunan kai da nauyin ƙwaƙwalwa, ya kuma ƙirƙiro kayan awo iri-iri domin wannan aiki.

Daga alƙaluman da ya tara, ya yi iƙirarin cewa Turawa sun fi baƙar fata basira, maza kuma sun fi mata. Irin wannan ra'ayi ya yi wa masu mulkin mallaka daɗi, a daidai lokacin da ƙasashen Turai ke shirin rarraba Afirka.

Martani ya fito daga cikin ƙungiyar tasa. A shekarar 1885, Anténor Firmin, wani masani baƙar fata ɗan ƙasar Haiti kuma mamba a ƙungiyar, ya wallafa littafi a kan daidaiton jinsunan ɗan Adam, inda ya bi hujjojin Broca ya rusa su.

A 1981 kuma masanin kimiyya ɗan Amurka Stephen Jay Gould ya sake duba lissafin. Ya nuna cewa Broca kan auna abu daidai, amma sai ya zaɓi ma'aunin da ya dace da abin da ya riga ya ƙudurta a ransa. Kimiyyar yau ta yi watsi da wannan ɓangare na aikinsa.

Ƙarshen rayuwa

A shekarunsa na ƙarshe ya kafa mujalla a 1872 da makaranta a 1876, duk a fannin nazarin halittar ɗan Adam. A 1878 ya yi bayanin wani sashe da ke zagaye da tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda daga baya aka danganta shi da shauƙi da tsoro da hadda.

A farkon 1880 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan Faransa na tsawon rai. Bai daɗe a kujerar ba, domin ya mutu kwatsam a ranar 9 ga watan Yulin wannan shekara, yana da shekaru 56.

Ya bar 'ya'ya maza biyu da suka zama furofesoshi a fannin likitanci. An fitar da tasa ƙwaƙwalwar an adana, kuma sunansa na cikin sunaye 72 da aka zana a jikin hasumiyar Eiffel.

Kwalbar da ta yi masa gyara

Ƙwaƙwalwar Leborgne ta ci gaba da jawo muhawara. A 1906 likita Pierre Marie ya sake duba ta, ya ce lahanin ya zarce inda Broca ya nuna. Amma babu mai ikon leƙa cikinta ba tare da ya lalata ta ba.

Damar ta samu bayan ƙirƙiro na'urar hoton CT, wadda aka fara amfani da ita a kan majinyaci a birnin Landan a 1971. A 1980 wasu likitocin Faransa suka wallafa hoton da suka ɗauka na wannan ƙwaƙwalwa.

A 2007 kuma wata masaniya 'yar Amurka, Nina Dronkers, da abokan aikinta suka wallafa sakamakon hoton MRI na ƙwaƙwalen Leborgne da Lelong. Sun gano cewa lahanin ya nutsa ciki fiye da abin da ido ke gani daga waje, har ya taɓa igiyoyin jijiyar da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da bayanta.

Ma'ana, Broca ya gano ƙofa ɗaya ce ta wani babban gida. A yau masana na kallon magana a matsayin aikin wurare da dama da ke haɗe da juna, akasarinsu a ɓangaren hagu. Da ya yanka ƙwaƙwalwar a 1861, da wannan gyara bai yiwu ba.

An rufe gidan Dupuytren a 2016, aka mayar da kayan da ke cikinsa harabar Jussieu da ke Paris.

Ciwon da ke tafiya sannu a hankali

Akasarin masu afasiya suna samun ta ne farat ɗaya, sakamakon toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ko kuma haɗarin da ya shafi kai. Amma akwai wani nau'in da ke zuwa da sanɗa.

A 1892 Arnold Pick, likita a birnin Prague, ya ba da labarin wani dattijo da maganarsa ta riƙa lalacewa a hankali, wanda aka tarar gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa ya tsuke. A 1982 Marsel Mesulam, haifaffen Turkiyya mai aiki a Amurka, ya yi bayanin majinyata shida da kalmomi ke ɓace musu shekara bayan shekara, alhali suna tuna al'amura suna kuma gudanar da harkokinsu.

Wannan ciwo kan fara ne galibi tsakanin shekaru 50 zuwa 70, kuma mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce ke haddasa shi. A 2011 ƙwararru suka amince da kasa shi gida uku, kowanne da alamarsa a hoto.

A nau'i na farko magana na fita da ƙyar, jimloli a kakkarye, kuma tsukewar na kusa da wurin da Broca ya gano. A na biyu magana na gudana, amma ma'anar kalmomi ce ke gushewa, har mutum ya ji an ce akuya ya rasa ko mece ce. A na uku mutum na yawan tsayawa yana laluben kalma, ba ya iya maimaita doguwar jimla, kuma galibi cutar Alzheimer ce tushensa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon. Abin da ke taimakawa shi ne horon magana: maimaita sunayen iyali da na kayan amfanin yau da kullum, haddace jimlolin da mutum ya fi buƙata, da tanadar littafin hotuna ko wayar salula da zai riƙa nunawa. Ana kuma koya wa iyali su yi magana a taƙaice, su ba shi lokaci, kada su riƙa ƙarasa masa zance. Hoton ƙwaƙwalwa na taimaka wa likita ya san nau'in ciwon, ya kuma tabbatar ba ƙari ba ne ko taruwar jini.

Darasi ga iyalai

A garuruwa irin su Boɗinga da Shagari a jihar Sakkwato, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, idan kalmomi suka soma ɓace wa dattijo akan ce gigin tsufa ne, wasu ma su zargi sammu ko shafar iska. Daga nan sai a daina shawara da shi, a riƙa magana a kansa kamar ba ya wurin.

Likitoci na bambanta yanayi biyu. Idan magana ta ɗauke nan take, musamman tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu, lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti cikin sa'o'i, kuma hawan jini na kan gaba wajen jawo shi. Idan kuwa a hankali take raguwa cikin watanni, ana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa domin bincike.

Ga mazauna waɗannan garuruwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, sannan akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware.

A kowane hali, aikin da Broca ya ce sai da nacin uwa yana wuyan iyali ne fiye da kowa, domin su ne ke tare da majinyacin safe da yamma. Mutumin da kalmomi suka ƙaurace wa yakan fahimci abubuwa da yawa da ake faɗa a gabansa, yana kuma jin zafin wulaƙanci kamar kowa.